Yadda na shawo kan ramar tumakina a Mayirno, ƙasar Sudan

Bayan damina tumakina suka fara ramewa, ƙarƙashin haɓarsu ya kumbura, cikin idonsu ya yi fari fat. Na ɗauka yunwa ce, na ƙara dusa, shiru. Na ɗura musu maganin tsutsar ciki mai suna albendazol da ƙiyasi, nan ma shiru.

Sai na kai kashinsu wurin likitan dabbobi a garin Sinnar, ya gano ƙwan tsutsar ciki mai shan jini. Muka auna kowace tunkiya a sikeli, domin ƙiyasin nan ne ya cuce ni. Ya yi musu allurar wani maganin tsutsa, ivermectin, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 a ƙarƙashin fata, mililita 1 ga kowane kilo 50 na nauyin tunkiya. Na kuma daina kora su ciyawar bakin kogi da sassafe.

Bayan kwana 14 aka sake gwaji, ƙwan ya ragu sosai, kumburin ya sace. Alhamdulillahi, Allah ya saka wa likitan da alheri.