Yadda ake duba magani a gane ko zai haura zuwa ƙwaƙwalwa

Wata rana da la'asar aka kawo mana wani matashi daga wajen Ƙofar Ƙaura, ya sha zaƙami. Bakinsa ya bushe ƙayau, fatarsa ta yi zafi, baƙin idonsa ya buɗe, yana ta damƙar abin da babu a iska. Ɗalibar da ke koyon aiki a ɗakin magani ta matso ta ce, "Malam, ga niyostigmin a kabad, me ya sa likita yake cigiyar fisostigmin, alhali aikinsu ɗaya ne?" Amsar tana jikin zanen maganin, wato hoton yadda sinadaransa suka haɗu, kuma ina so kowane ɗalibinmu a Katsina ya iya karanta ta da idonsa, ba da hadda ba.

Fara da sanin inda faɗan yake. Jijiyoyi suna aika saƙo da sinadarin asetilkolin, masu karɓarsa kuma iri biyu ne. Muskarinik suna zuciya, hanji, mafitsara, ido, wuraren fitar yawu da gumi, da kuma ƙwaƙwalwa. Nikotinik suna mahaɗar jijiya da tsoka. Zaƙami yana ɗauke da atirofin da hayosin, waɗanda ke toshe muskarinik. Fisostigmin da niyostigmin kuwa suna hana enzayim ɗin da ke farfasa asetilkolin aiki, sai asetilkolin ya taru ya ture abin da ya tare masa hanya.

Daga nan sai ka nemo naitirojin a zanen, ka ƙirga hannayensa. Wannan shi ne mataki mafi muhimmanci. Idan yana riƙe da kabon huɗu, ga alamar tarawa a kansa, to cajinsa na dindindin ne, babu abin da zai cire shi. Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai katanga ta maiƙo, mai caji kuwa abokin ruwa ne, ba ya ratsa maiƙo. Haka niyostigmin yake: zai yi aiki a tsoka da hanji, amma ba zai kai inda ruɗewar yaron take ba. Idan kuwa hannaye uku ne, cajin na aro ne, yana zuwa yana tafiya. Fisostigmin ke nan. Asalinsa ma na gida ne, daga waken Kalaba aka fara ciro shi a 1864, Percy Julian kuma ya haɗa shi a ɗakin gwaji a Amurka a 1935.

Sai ka tantance ko asid ne ko bes. Naitirojin mai hannu uku irin na amin yana karɓar furoton, wato haidurojin mai caji, don haka bes ne, kuma daga nan yake aro cajin. Rukunin kaboksil yana bayarwa, asid ke nan, kamar asfirin. Sunan da ke jikin kwalba ma yana tona asiri: in ka ga salfet ko haidurokulorayid a ƙarshe, galibi bes ne aka mayar gishiri domin ya narke a ruwa.

Yanzu ɗauko biro. Duba pKa na maganin, lambar da ke nuna yadda yake riƙe furoton, ka cire pH na jini, ma'aunin asid ɗinsa, wato 7.4. Ga bes, kowane tazarar 1 yana ninka masu caji sau goma. Atirofin yana wajen 9.8, tazarar 2.4 ke nan, kusan masu caji 250 a kan marar caji ɗaya. Hayosin yana wajen 7.6, don haka kusan biyu cikin biyar ba su da caji. Shi ya sa hayosin ya fi saurin taɓa hankali, ya kawo barci da mantuwa. Fisostigmin yana wajen 8, kusan ɗaya cikin biyar ba shi da caji.

A nan ɗalibai suke tuntuɓe. Sai su ce ɗaya cikin 250 ai ba komai ba ne, atirofin ba ya shiga. Yana shiga. Duk sanda marar caji ya haura, wani daga cikin masu cajin zai saki furoton ya maye gurbinsa, kamar tulu mai ɗiga, a hankali amma ba ya tsayawa. Mai hannu huɗu ne kaɗai ba shi da wannan ƙofa.

Gwada kanka da abin da ke kan kanta. Buscopan hayosin ne da aka ƙara wa hannu na huɗu, yana kwantar da murɗawar ciki ba tare da ya gusar da hankali ba, kuma kaɗan ne daga cikinsa hanji ke tsotsewa. In manomi ya shaƙi fiya-fiya, yawu na dalala, baƙin ido ya tsuke, ana ba shi atirofin, wanda ke kaiwa ƙirji da ƙwaƙwalwa, da firalidoksim mai caji na dindindin, wanda aikinsa ya fi yawa a tsoka.

Ranar ba a samu fisostigmin ba. Likita ya ba yaron diyazefam da ƙarin ruwa, aka sa masa robar fitsari, muka yi ta goge masa jiki da tsumma mai sanyi. Ɗalibar ta zauna a bakin taga ta zana magungunan biyu a bayan takardar rasit, ta zagaye naitirojin ɗin kowanne da jan biro.