Cip ba ya dawowa yadda ka zana shi: kurakuran da na gaji da gani

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai masa ya san tanda ɗaya ce, ƙullu ɗaya, amma ta ramin tsakiya takan riga ta gefe nuna. Haka faifan silikon yake a masana'anta, wanda daga jikinsa ake yanko cip, ɗan guntun nan da ke sarrafa na'urorin lantarki. Wasu tiransistoci, wato ƙananan makunnan da cip yake aiki da su, su fito da zafin nama, wasu da nauyin jiki, kuma faifan yau ba zai zo daidai da na watan gobe ba. Tun da aka saki bayanan fasahar nanomita 130 ta masana'antar cip ta SkyWater kyauta a 2020, ƙannenmu a nan Yamai suke kawo mini zanensu in duba. Kusan kowa a rami ɗaya yake faɗawa.

Na farko shi ne gwada zane a kusurwar TT kaɗai, wato inda aka ɗauka komai ya fito tsaka-tsaki. Kusurwa dai ita ce irin fitowar tiransistoci da kake ɗauka in kana gwaji a kwamfuta. "Malam, ai ya yi a kwamfuta." To, ya yi a wace kusurwa? Akwai FF, inda tiransistoci iri biyun da ake gina cip da su duk suke da sauri, akwai SS inda duk suke jan ƙafa, akwai FS da SF inda ɗaya ya tsere wa ɗaya. Ka haɗa kowace da ƙarfin kuran da ya hau ko ya sauka da kashi 10 cikin ɗari, sannan da zafi daga digiri 40 ƙasa da sifili har zuwa 125. Wani ɗan Tawa ya taɓa tambayata me ya haɗa mu da irin wannan sanyi a Nijar. Na ce masa ya zauna ya ji abin da ya same ni.

Cip ɗina na biyu ke nan. Hankalina duka yana kan kada bayanai su makara kafin bugun agogon da ke tafiyar da aikin cip, don haka SS na yi ta dubawa har na haddace ta. Ban kula da lokacin riƙo ba, ɗan taƙin da dole bayani ya tsaya cak bayan agogo ya buga. Wata shida muna jira, kuɗin da aka zuba kuwa ba nawa ba ne. Faifanmu ya faɗo ɓangaren masu sauri. Layin da ke shigar da lambobin saiti ya riƙa tsallake bit, wato ƙwayar bayani ta 0 ko 1, saboda sabon bayani yana isowa kafin a gama kama tsohon. Abin takaicin, a ɗaki mai sanyi ba ko ɗaya da ya yi aiki, amma da aka ɗauke wuta da rana tsaka a watan Afrilu, ɗakin ya ɗau zafi, sai biyu suka farka, don zafi ya rage musu gudu. Na zauna ina gumi ina kallon allo, ban san dariya zan yi ko kuka ba.

Ku ji da kyau. In bayani ya makara, za ka iya rage gudun agogo ka lallaɓa. In lokacin riƙo ne ya karye, ko ka mai da agogon tafiyar hawainiya ba zai gyaru ba, sai an sake ƙerawa. Tun daga ranar nake duba riƙo a kowace kusurwa, ina cusa ƙwayoyin da ke jinkirta bayani fiye da yadda manhaja ta nema. Abokan aiki suna cewa ɓarnar wuri ce. Su faɗa. Ba su ne suka je ba mai kuɗi haƙuri ba.

Na biyu, yarda da lambar da aka rubuta a jikin rezista, abin da ke rage gudun kuran, wanda ake aunawa da om. Ka zana om 50 don ƙarshen layi mai gudu, ka ɗauka 50 za ka samu? Rezistar cikin cip tana iya kaucewa da kashi 15 ko 20, sai sigina ta riƙa dawowa baya tana ɓata ta gaba. Abin da ake dogara da shi shi ne rezista biyu maƙwabta sukan kauce tare, don haka ka gina zanenka a kan rabon da ke tsakaninsu. Inda kuwa dole sai ainihin lamba, ka yi yadda ƙwaƙwalwar kwamfuta ta DDR3 take yi: rezista ɗaya ta waje mai om 240, wadda kuskurenta bai wuce kashi 1 ba, cip ya auna kansa da ita ya daidaita. Ni dai duk abin da ya rataya a kan rezista, kafasita ko kuran, sai na bar masa bit uku ko huɗu na saiti, lambar farawa a tsakiya. Ko tela yana barin rarar ɗinki, bare kai da ba za ka sake taɓa kayan ba in sun fita.

Masu ƙanƙance tiransistocin da ya kamata su zo tagwaye, ku tuna abin da injiniya Marcel Pelgrom ya nuna a 1989: in kana son bambancinsu ya ragu da rabi, sai ka ninka faɗin wurinsu sau huɗu. Kusurwoyi ba sa nuna wannan, sai gwajin Monte Carlo, inda kwamfuta take maimaita gwaji sau da yawa tana canza halin kowane tiransista barkatai. Ku sa tagwayen su fuskanci gefe ɗaya, ku saƙa su a juna, ku kewaye su da tiransistocin banza da ba sa aikin komai.

Kada ka yarda da gwajin da aka yi kafin a lissafa nauyin da wayoyin da aka shimfiɗa cikin cip suke ƙarawa. Kada ka ɗauka zafi ne kullum yake kawo jinkiri, a ƙananan fasahohi masu ƙaramin kuran sanyi ne yake yi. Sannan ka ajiye ɗan zoben juyi, wato jerin tiransistoci da saurin kewayawarsa yake nuna saurin cip, a lungu, da ƙafa ɗaya ta fita waje. Ranar da kaya suka iso, shi nake fara aunawa, in san ɓangaren da faifan ya faɗo kafin in taɓa sauran.