Darasi na Tara: Lissafin Kuɗin Yini a Doguwar Tafiya Kan Babur

Mutumin da ya yi niyyar fita daga Damagaram kan babur zuwa wata ƙasa yakan fara da tambayar nawa tafiyar za ta ci gaba ɗaya, kuma wannan tambaya ba ta amsuwa kai tsaye, sai an fara sanin abin da yini ɗaya yake ci. A wannan darasi za mu koyi fitar da kuɗin yini ɗaya, sannan mu ninka shi da yawan kwanaki. Za mu ɗauki misalin mai son zuwa Kumasi ta ƙasar Gana, inda Hausawa suka daɗe suna zaune a zango tun zamanin fataucin goro. Idan ya bi ta Kano da Legas da Kwatano da Lome da Akra, zai yi tafiyar kimanin kilomita 2,000 a zuwa, haka kuma a dawowa.

Kafin mu shiga lissafi, a tuna cewa abin da muke faɗa da baki ya bambanta da abin da ake rubutawa. A kasuwa muna cewa dala ɗari, amma a takarda 500 ake rubutawa, domin dala ɗaya sefa 5 ce. Jaka ɗaya kuwa 1,000 ce. Duk lambobin da ke cikin wannan darasi a ƙirgen takarda suke, saboda shi ne za ka gani a jikin famfon gidan mai da kan rasit.

Mai shi ne farkon abin da za a auna, kuma ina roƙonka kada ka dogara da abin da wani ya ce baburinsa yana sha, ko da irin naka ne sak, domin tsufan inji da nauyin kaya da hannun matuƙi duk suna sauya lissafi. Ka ɗaura wa baburinka kayan da za ka tafi da su, ka cika tanki har baki, ka rubuta lambar da ke kan agogon da yake ƙirga kilomita. Daga nan ka je Takeita ka dawo, wato kimanin kilomita 100, ka sake cika tankin a gidan man da ka fara, ka dubi lita nawa ya ɗauka. A ce ya ɗauki lita 3. Wannan yana nufin kowace kilomita 100 tana cin lita 3. Idan ka tsara yin kilomita 250 a yini, sai ka ninka 3 sau biyu da rabi, ka sami lita 7 da rabi, ka cika ta ta zama 8, domin hawa tudu da cunkoson birane da iska mai bugun gaba suna ƙara shan mai. A cikin 2024 an sauke farashin litar fetur a Nijar daga 540 zuwa 499, don haka za mu yi aiki da 500 saboda sauƙin lissafi: lita 8 sau 500 ya ba mu 4,000 a yini.

Sai dai wannan farashi na gida ne, a ƙasar da take da matatar Soraz kusa da mu tun 2011. Da zarar ka ƙetare iyaka farashi ya zama wani. A Nijeriya an janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuma tun daga lokacin farashi yana hawa da sauka, saboda haka wanda yake lissafi da arhar man da ya sani a da zai yi kuskure babba. Ka kira wani direba ko ɗan kasuwa da ya bi hanyar a cikin makon nan, ka tambaye shi kuɗin lita a kowace ƙasa, ka rubuta mafi tsada, ka yi lissafinka da shi.

Me ya sa muka tsaya a kilomita 250, alhali babur yana iya fin haka? Domin lissafin da ya ginu kan gudu daga asuba zuwa dare ba ya cika. Akwai salla, akwai cin abinci, akwai shingayen jami'an tsaro, akwai hutawar da ƙaramin inji yake bukata idan ya yi zafi, sannan tafiyar dare a hanyar da ba ka sani ba haɗari ce da bai kamata a saka ta cikin tsari ba. Wanda ya rage kwanaki a takarda don kuɗin ya yi kaɗan, a hanya zai biya ragowar.

Abinci da ruwan sha mu sa musu 3,000 a misalinmu. Masauki mu sa 5,000, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗin kansu, suna cewa ai akwai 'yan uwa a zango. Gaskiya ne Bahaushe ba ya rasa wurin kwana a Kano ko Legas ko Akra, amma ba kowane dare ne zai riske ka a garin da ka san mutum ba, kuma mai sauka gidan ɗan uwa ba ya shiga hannu rabbana, sai da tsaraba ko abin cefane. Ka rubuta kuɗin masauki a kowane dare, idan ba ka kashe ba ya zama riba. Ka kuma tambayi ko akwai wurin da za a shigar da babur cikin gida, domin ɗaki mai arha da babur a waje ya fi kowane ɗaki tsada.

Shi kansa baburin yana cin kuɗi kullum ko da ba ka ciro su daga aljihu a ranar ba. A ce kana canja baƙin mai duk bayan kilomita 1,000 a kan 2,400. Kilomita 1,000 tafiyar kwana 4 ce, sai ka raba 2,400 gida 4, ka sami 600 a yini. Ka ƙara 400 saboda faci da cinyewar taya da sarƙa da birki, ya zama 1,000. Katin waya da ƙananan biye-biyen hanya su ma mu sa 1,000.

Yanzu mu haɗa. Mai 4,000, abinci 3,000, masauki 5,000, gyara 1,000, waya da hanya 1,000, jimla 14,000, wato jaka goma sha huɗu. Wannan shi ne kuɗin ranar tafiya. Ranar zama kuwa, da ba a kunna babur ba, sai a cire mai da gyara, ya rage 9,000. Kilomita 4,000 na zuwa da dawowa, a raba da 250, kwana 16 ke nan, sau 14,000 ya kama 224,000. Mu ce za ka yi kwana 5 a Kumasi, kuma mu ware kwana 4 na tsayawa a hanya saboda ruwan sama ko gajiya ko jiran makaniki, kwana 9 ke nan, sau 9,000 ya kama 81,000. Duka biyun 305,000 a kwana 25, abin da ya sa matsakaicin yini ya zama 12,200. A kan wannan ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar, wato 61,000, a matsayin kuɗin ko-ta-kwana da za ka ajiye daban a jikinka, ba a aljihun da kake ciro kuɗin abinci ba.

Akwai kuɗin da ba sa shiga lissafin yini, domin sau ɗaya ake biyansu kafin a tashi: fasfo, lasisin tuƙi, takardar mallakar babur, inshorar da ke aiki a ƙasashen da za a ratsa, katin rigakafin cutar shawara, hular kwano da sababbin tayoyi. Su ma a rubuta su a shafi na daban. Tun da Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, a watan Janairu na 2025, ya zama wajibi ka je wurin 'yan sanda da duwan da kamfanin inshora ka tambayi takardun da ake karɓa yanzu, kada ka tafi da labarin wanda ya yi tafiyar shekarun baya. Ka kuma sani cewa jihar Legas tana da dokar da ta hana ƙananan babura hawa manyan titunanta da dama, wanda zai iya tilasta maka zagaye, zagaye kuwa ƙarin mai ne da ƙarin lokaci.

Iyakoki huɗu ne a zuwa, huɗu a dawowa, kuma kuɗin hannunka zai sauya daga sefa zuwa naira, ya koma sefa a Benin da Togo, waɗanda kuɗinsu ɗaya ne da namu, sannan ya zama sidi a Gana. Duk canjin da ka yi, ɗan canji yana cin nasa. Amfanin sanin kuɗin yini a nan yake fitowa fili: idan kwana 5 za ka yi a Nijeriya, ka canja na kwana 5 da ɗan ƙari kawai, ka bar sauran a sefa, domin wanda ya mayar da dukan guzurinsa naira zai sake biyan ladan canji a Seme, iyakar Nijeriya da Benin.

Kowane dare kafin ka kwanta, ka rubuta abin da ka kashe a ƙaramin littafi, ka gwada shi da 14,000. Idan kwana uku a jere ka zarce, ka zauna ka sake lissafin sauran tafiyar tun kana da kuɗin komawa gida.

Aikin gida: wani ɗalibi yana son zuwa Lome, baburinsa yana shan lita 4 a kilomita 100, yana yin kilomita 200 a yini, lita kuma 700 ce. Ka fitar da kuɗin mansa na yini ɗaya, ka haɗa da sauran kuɗaɗen da muka sa a misalinmu, ka rubuta amsar da lambobi, sannan ka faɗe ta da baki a ƙirgen jaka da dala. Wanda yake da babur ya auna nasa a wannan mako, ya zo aji da lambar da ya samu.