Yadda Ake Sake Kallon The Lost Boys a Gane Abin da Ya Bari

Fim ɗin The Lost Boys, wanda Joel Schumacher ya ba da umarni, kamfanin Warner Bros. kuma ya fitar a Amurka a ranar 31 ga Yuli, 1987, yana cikin finafinan da masoyansu ba sa gajiya da komawa gare su. Wanda zai sake kallonsa a yau yana bukatar ɗan shiri, domin idonsa ya riga ya saba da matasa masu shan jini a finafinai da shirye-shiryen talabijin, kuma wannan sabawar ce za ta iya ɓoye masa abin da fim ɗin ya zo da shi.

Shiri na farko shi ne mai kallo ya mayar da hankalinsa zuwa 1987. Kafin lokacin, siffar dodo mai shan jini da ta fi zama a zukatan jama'a ita ce ta dattijon basarake mai baƙar alkyabba, wanda yake zaune a tsohuwar fada a gabashin Turai. Schumacher ya ɗauko wannan halitta ya sanya mata rigar fata da ɗan kunne, ya ɗora ta a kan babur, ya sake ta a wurin wasanni na bakin teku a Kalifoniya. Ya kamata a san cewa rubutun farko, na Janice Fischer da James Jeremias, a kan ƙananan yara aka gina shi, kuma Richard Donner ne aka tsara zai ba da umarni kafin ya koma wani aikin. Da Schumacher ya karɓa sai ya nemi a ƙara wa yaran shekaru, Jeffrey Boam ya sake rubutun. Mai lura zai ga ragowar tsohon tsarin a wurin Sam, ƙaramin yaron iyalin da labarin yake kansu, da wasu 'yan'uwa biyu masu shagon littattafan barkwanci, waɗanda suke farautar dodanni da bindigar ruwa.

Daga nan sai a kalli fim ɗin a zama ɗaya, da dare, ba tare da tsallake komai ba, tun da tsawonsa bai kai awa biyu ba. A nemi kwafi mai kyawun hoto, saboda mafi yawan labarin a cikin duhu yake faruwa, kuma Michael Chapman, wanda ya ɗauki hotunan, ya yi aiki sosai da jan haske da hayaƙi, waɗanda kwafi maras inganci yake dagulawa. Hukumar tace finafinai ta Amurka ta sanya shi cikin na manya, don haka ba abin da za a kunna a gaban yara ba ne.

Abin da ya fi dacewa a sa wa ido a kallo na biyu shi ne iyalin da ke tsakiyar labarin. Lucy, wadda Dianne Wiest ta fito a matsayinta, ta baro Phoenix bayan mutuwar aurenta, ta koma gidan mahaifinta a garin Santa Carla da 'ya'yanta biyu, Michael da Sam. Michael, wato Jason Patric, bai shiga cikin ƙungiyar David, jagoran samarin masu shan jini, don son jini ba. Yaro ne da ya rasa uba a gida, ya sauka a garin da bai san kowa ba, ya ga wasu samari da suke yin abin da suka ga dama, ya so su karɓe shi. Idan aka kalli kowace jarrabawa da suka yi masa da wannan idon, daga tseren babura zuwa rataya a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa da shan jinin da ke cikin kwalba, za a ga hoton yadda mugayen abokai suke jan matashi sannu a hankali. A ganina nan ne ƙarfin fim ɗin yake, kuma shi ya sa bai tsufa tare da irin askin da tufafin da ke cikinsa ba.

Wanda ya riga ya san ƙarshen labarin ya bi Max, mai shagon kaset ɗin bidiyo da Edward Herrmann ya fito a matsayinsa, tun daga fitowarsa ta farko. A lura da yadda ya tsaya a bakin ƙofa sai da Michael ya gayyace shi ya shigo, domin wannan gayyatar ce ta sa gwajin tafarnuwa da madubi da yaran suka yi masa a teburin cin abinci ya ci tura. Shi ne ainihin shugaban dodannin, kuma burinsa shi ne ya sama wa samarinsa uwa, abin da ya haɗa labarin da tatsuniyar Peter Pan ta J. M. Barrie, inda aka samo sunan fim ɗin.

Akwai kuma dabarun da ƙarancin kuɗi ya haifar. An yi fim ɗin da kimanin dala miliyan 8.5, ya kuma samo sama da miliyan 32 a sinimomin Amurka. Sau da yawa ba a nuna dodannin suna tashi sama, kyamara ce take sauko wa mutum daga sama kamar ita ce idonsu, kuma wannan ya fi tsoratarwa fiye da a nuna su a rataye da igiya. Santa Carla ƙirƙirarren suna ne, a Santa Cruz aka ɗauki yawancin hotunan waje, kuma girgizar ƙasa ta 1989 ta lalata wani ɓangare na tsakiyar garin da ake gani a fim ɗin.

Domin auna tasirinsa, a haɗa shi da Near Dark na Kathryn Bigelow, wanda shi ma ya fito a 1987, bai samu kasuwa ba, amma ya fi shi ɗaci da duhu. Sannan a duba shirin Buffy the Vampire Slayer da ya fara a 1997, inda haɗa tsoro da raha da rayuwar matasa, har da yadda fuskar dodo take sauyawa idan zai kai hari, suka zama ginshiƙin shirin, kafin Twilight na 2008 ya karkata labarin zuwa soyayya. Ci gaban The Lost Boys guda biyu da aka fitar kai tsaye a faifan DVD a 2008 da 2010 ba su kai na farko ba, kuma ana iya barinsu sai an gama da waɗancan. Corey Feldman, wanda ya fito a matsayin ɗaya daga cikin 'yan'uwan masu farautar dodanni, ya dawo a dukansu, amma babu Schumacher, babu Kiefer Sutherland a matsayin David.