Makulli Guda Ga Ƙofofin Gida Duka

Gidanmu a Tawa ƙofa biyar gare shi, makullai biyar a zare guda. Kullum da dare sai na tsaya a ƙofar zaure ina gwada su ɗai-ɗai, fitilar waya a baki. Da na gaji, ga abin da na yi.

Fara da gwaji. Ɗauki makullin da kake so ya zama shi kaɗai, ka zura shi a kowace kuba. In ya shige har ƙarshe, ko bai juya ba, bakinsu iri ɗaya ne, ana iya daidaita su. Wadda ta ƙi karɓa, sai dai a canza zuciyarta, wato ƙarfen da makulli ke shiga.

Cire zuciyar ba wuya. A gefen ƙofa akwai doguwar kusa guda mai riƙe ta. Kwance ta, sa makullin kubar, juya kaɗan, ka jawo a hankali.

Kada ka buɗe cikinta da kanka. Ni na yi, ƙananan ƙarafa biyar da ke ciki da sifirin ɗinsu suka watse cikin yashi, har yau ban gansu ba. Kai wa mai gyaran kuba, ya jera ƙarafan daidai da haƙoran makullinka. In zukatan kubar masu araha ne, ka auna tsawonsu ka sayi sababbi masu makulli ɗaya, ya fi sauƙi.

Kafin ka rufe ƙofa, gwada makullin tana buɗe. Lokacin hunturu kuma kada ka zuba mai, ƙura yake kamawa. Goga bakin fensir a makullin ya isa.