Abin da Ɗaliban Jinya Za Su Kiyaye a Makonninsu na Farko a Asibiti

Ɗaliban jinya da ake turawa aikin koyo a asibitocin jihar Bauchi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ne ko wani babban asibiti a Toro ko Misau, galibi sun fi tsoron marar lafiyar da aka riga aka gano cutarsa, alhali haɗarin ya fi yawa a gadon da ba a rubuta komai a katinsa ba tukuna. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, yana zuwa ne da kamannin zazzaɓin cizon sauro, wato zafin jiki da ciwon kai da kasala da ciwon maƙogwaro. Bauchi tana cikin jihohin da cutar ta fi addaba, musamman a lokacin hunturu har zuwa farkon bazara, kuma mutum yakan yi kwanaki yana shan maganin maleriya ko na taifot kafin wani ya yi tunanin a ɗebi jininsa. A cikin waɗannan kwanakin ne ma'aikaci yake kamuwa. Don haka ku ɗauki jinin kowa da amansa da fitsarinsa da bayan gidansa a matsayin masu ɗauke da cuta, ko an yi gwaji ko ba a yi ba.

Wankin hannu shi ne aikin da kowa ya yarda da shi da baki kuma aka fi tsallakewa. Tun a 1847 wani likita mai suna Semmelweis ya nuna a birnin Biyana na ƙasar Austriya cewa mutuwar masu jego ta ragu ƙwarai da ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su duba mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade lokuta biyar: kafin ku taɓa marar lafiya, kafin aikin da ke buƙatar tsafta ta musamman kamar wankin ciwo ko sa robar fitsari, bayan kun taɓa wani ruwan jiki, bayan kun taɓa marar lafiya, da kuma bayan kun taɓa abin da ke kewaye da shi. Na ƙarshen ne ɗalibai suka fi mantawa, domin mutum yana ganin ai bai taɓa kowa ba, ƙarfen gado kawai ya dafa ko zanin gado ya gyara. Idan hannu ba ya nuna datti, sanitaiza ta wadatar, a murza ta daƙiƙa 20 zuwa 30 har ta bushe da kanta. Idan kuwa akwai jini ko wata ƙazanta, ko marar lafiyar yana gudawa, sai ruwa da sabulu na daƙiƙa 40 zuwa 60, a bi tsakanin yatsu da babban yatsa da bakin farce.

Inda famfo ya ɗauke, a nemi bokiti mai famfo ko wani ya zuba muku ruwa da buta. Kwanon ruwa ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki, da tawul ɗaya da ke rataye tun safe, suna mayar da abin da aka wanke ne. A yanke farce, a cire zobe da agogo, a naɗe hannun riga zuwa gwiwar hannu, mata kuma su daidaita bakin hijabi ko mayafi yadda ba zai riƙa sharar gado ba in an sunkuya. Alwala ba ta maye gurbin wannan wanki, tunda ba a yin ta da sabulu. Kuma da yake hunturun Bauchi yana tsage fata, ku riƙa shafa mai bayan an tashi aiki, ku rufe duk wani yanka da filasta, saboda fatar da ta tsage ƙofa ce.

Safar hannu tana ruɗin mutane. Ɗalibi yakan sa ta da safe ya ji ya tsira, sai ya bi gado shida da ita, ya ɗauki biro, ya amsa waya, ya buɗe ƙofa. Ya kare kansa, ya kuma raba wa kowa abin da ya ɗebo. Safa ɗaya ta aiki ɗaya ce a jikin mutum ɗaya, kuma ana wanke hannu bayan an cire ta. Idan aikin zai iya fantsama, kamar karɓar haihuwa ko taimakon mai amai, a ƙara takunkumi da kariyar ido da rigar leda, a kuma cire su a hankali ba tare da taɓa ɓangaren da ya fuskanci marar lafiya ba.

Allura kuwa ba a mayar mata da murfinta bayan an yi amfani da ita. Ku kawo akwatin zubar da allurai kusa da gadon tun kafin ku fara, kuma a rufe shi in ya kai kashi uku cikin huɗu. Wanda allura ta soka ya wanke wurin nan take da ruwa da sabulu, kada ya matse kuma kada ya tsotsa, sannan ya sanar da shugabar ɗakin ba tare da jin kunya ba, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau ana fara shi ne cikin sa'o'i 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, kuma ana shansa kwana 28. Ciwon hanta nau'in B ya fi ƙanjamau saurin kamuwa ta wannan hanya nesa ba kusa ba, ga shi kuma yana da rigakafi na allura uku cikin wata shida. A ganina bai kamata ɗalibi ya riƙe sirinji ba sai ya fara wannan rigakafin. Jinin da ya zube a ƙasa ana kashe shi da ruwan kulorin mai ƙarfin 0.5 cikin ɗari. Idan kwalbar bilicin da za a haɗa shi da shi ta ce 3.5 cikin ɗari, sai a auna kofi ɗaya a kofi shida na ruwa, kuma a haɗa sabo kowace rana.

Ɓangaren da littattafan da aka rubuta a wasu ƙasashe ba su cika taɓowa ba shi ne sunaye. A ɗaki ɗaya na mata ana iya samun A'isha Muhammad biyu ko uku, don haka suna kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da lambar kati. Kada ku tambayi mutum, "Ke ce wance?" domin dattijuwar da ba ta ji sosai, ko wadda ciwo ya galabaita, za ta ce "E" don ladabi kawai. Ku ce, "Mama, faɗa mini sunanki." A nan ma akwai alkunya: mace tana iya ƙin ambaton sunan mijinta ko na ɗanta na fari, yaron da aka rubuta wa Abubakar a kati kuma a gida Abba ko Baffa ake kiransa. Kada a tsananta mata, a tambayi wani daga cikin masu jinyar, a kuma gwada da abin da ke rubuce. Sai an tabbatar da mutumin sannan a duba magani, da adadinsa, da hanyar ba da shi, da lokacinsa. Rubutun likita in bai karantu ba, tambaya ake yi, ba kintace ba, kuma abin da ba ku ga an zuƙa a sirinji da idonku ba kada ku yi wa kowa.

Yadda kuka shiga haka za a karɓe ku. Ku yi sallama, ku gaida Baba ko Inna da jiki, ku faɗi cewa ku ɗalibai ne da abin da kuka zo yi, ku ja labule kafin a buɗe jikin mutum, namiji kuma ya nemi abokiyar aiki ta tsaya idan mace zai duba. Ba kowa ne Hausa ta zauna a bakinsa ba. Wanda ya zo daga ruga ko daga ƙauyukan Bogoro da Tafawa Balewa yana iya fin sakewa da Fulatanci ko Sayanci, kuma gara a nemi ma'aikacin da ke jin harshen da a sa ƙaramin yaro ya fassara wa uwarsa ciwon da take jin nauyin faɗa. Mutanenmu da yawa suna ɗaukar nuna ciwo a matsayin ragwanci, saboda haka "da sauƙi" ba amsa ba ce, gaisuwa ce; a kalli fuska da numfashi da yadda mutum ya kwanta. "To" ma ba shaidar fahimta ba ce. Bayan kun yi bayanin magani, ku ce, "Baba, maimaita mini yadda za ka sha in ka koma gida." Sau uku a rana na nufin duk bayan sa'a takwas, kuma ya fi zama a kai idan aka ce da asuba, da azahar, da lokacin kwanciya barci. Ku tambayi jiƙe-jiƙe da sauran maganin gida ba tare da faɗa ba, don wanda aka yi wa tsawa sau ɗaya zai ci gaba da sha a ɓoye ne.

Idan za ku kira likita ko ku miƙa aiki, ku bi tsarin da ake kira SBAR: abin da ke faruwa yanzu, abin da ya kawo mutumin, abin da kuka auna kuka gani, da abin da kuke neman a yi. "Jikinsa ya rikice" bai gaya wa likita komai ba, amma idan kuka ce mai gado na 4 da aka yi wa tiyata jiya bugun zuciyarsa ya tashi daga 88 zuwa 124, awon jininsa ya sauka, bandejinsa ya jiƙe, kuma kuna so a zo a duba shi yanzu, zai san da wane sauri zai taso. Umarnin da aka ba ku da baki ku maimaita shi a ji. Ku rubuta aiki bayan kun yi shi, da lokaci da sa hannu, ba kafin nan ba. Idan kuma kun yi kuskuren magani, ku fara duba marar lafiyar, ku auna numfashinsa da bugun zuciyarsa, ku sanar da sista nan take, sannan ku rubuta ainihin abin da aka ba shi da ƙarfe nawa aka ba shi.