Kurakuran da baƙo ke yi wajen neman masauki mai araha a babban birni

Farashin da ka gani da manyan lambobi a manhajar kama ɗaki ba shi ne kuɗin da zai fita daga aljihunka ba. Yawancin kurakuran da baƙi ke yi daga nan suke farawa. Mutum ya ga ɗaki mai araha ya danna da sauri, sai gari ya waye ya yi lissafi ya tarar ya kashe fiye da wanda ya kwana a tsakiyar gari.

Babban kuskuren shi ne kama ɗaki can bayan gari ba tare da tunanin yadda za a isa ba. A birni kamar Landan ko Istanbul ko Alƙahira, daga wannan gefe zuwa wancan tafiya ce mai zaman kanta. Kafin ka biya, buɗe Google Maps, ka sa adireshin masaukin da na wurin da ya kawo ka birnin, sannan ka saita lokacin da za ka yi tafiyar da gaske. Wannan saitin yana da muhimmanci, domin a birane da yawa jiragen ƙasa na cikin gari kan daina aiki wajen tsakar dare. Idan ka sauka ƙarfe 1 na dare, tasi kaɗai ta rage maka, kuma kuɗinta na iya cinye duk rarar da kake murna da ita. Ɗakin da ya ɗan fi tsada amma yana kusa da tasha, a ganina, ya fi sau da yawa. Kada kuma sunan otal ya ruɗe ka don an liƙa masa "tsakiyar gari" ko "filin jirgi". Taswira ce za ta faɗa maka gaskiya.

Sai kuɗaɗen da ake ƙarawa a kan farashin kwana, waɗanda wasunsu ba sa fitowa sai a shafin ƙarshe. A Airbnb, manhajar da mutane ke ba baƙi hayar gidajensu ko ɗakunansu, masu gida da yawa na ƙara kuɗin shara da gyaran ɗaki, sau ɗaya ake biyansa ko kwana nawa za ka yi. Ga mai mako guda ba komai ba ne, amma ga mai kwana ɗaya yakan sa ɗakin ya fi na otal tsada. Birane irin su Paris, Roma da Amsterdam suna karɓar harajin baƙi a kan kowane kwana, wani lokaci a masaukin ake biya ba a manhaja ba. A Amurka kuwa harajin kan biyo bayan farashin da aka nuna. Don haka idan kana gwada ɗakuna biyu, bi kowanne har shafin biya, ka kwatanta jimillar.

Akwai kuskuren kwanan wata da ke kama har waɗanda suka saba tafiya. Jirginka zai sauka ƙarfe 2 na dare, wayewar Talata, sai ka kama ɗakin Talata. Ka isa, a ce maka ɗakinka sai da rana, domin yawancin otal-otal ba sa ba da ɗaki sai ƙarfe 2 ko 3 na yamma, kuma a fita kafin 11 ko 12 na rana. Daren Litinin ya kamata ka kama. Kuma ka aika musu saƙo cewa za ka makara, don kada su ɗauka ka fasa su ba wa wani. Ƙananan masaukai ma ba duka ke da mai tarbar baƙi cikin dare ba, wasu lambar buɗe ƙofa kawai suke turowa.

Farashin da ba a mayar da kuɗi idan an fasa yana da sauƙi, amma kada ka taɓa shi sai tikitinka da bizarka suna hannu.

Game da ra'ayoyin waɗanda suka kwana, mutane kan kalli yawan taurari su wuce. Ni sababbin ra'ayoyi nake karantawa, kuma daga masu ƙorafi nake farawa. Mutum ɗaya ya ce ba a yi masa fara'a ba, wannan tsakaninsu ne. Amma mutum biyar a wata biyu sun ambaci kuɗin cizo, ko ƙofar da ba ta kulluwa, ko gidan rawa a ƙasan bene, to ka nemi wani wuri. Ɗakin da ba a iya barci a cikinsa ko kyauta aka ba ka an cuce ka.

Wasu kuma ba sa ko kallon masaukin haɗaka, inda ake biyan gado maimakon ɗaki, irin waɗanda ake samu a manhajar Hostelworld. Ga mai tafiya shi kaɗai, da wuya a samu abin da ya fi shi sauƙi, kuma da yawa suna da ɗakin mata zalla. Ka tafi da kwadonka don akwatin ajiya. Idan kun kai uku, ku yi lissafi tukuna, ɗaki ɗaya a ƙaramin otal na iya fi muku.

Inda ake asarar kuɗi gaba ɗaya shi ne biya a wajen manhaja. Wani zai ce ka turo masa kai tsaye zai rage maka, ko saƙo ya zo da sunan otal cewa katinka ya samu matsala, ka bi wani adireshi ka sake sa lambobinsa. An yi ta damfarar masu amfani da manhajar kama ɗaki ta Booking.com ta haka, bayan ɓarayin intanet sun kutsa asusun wasu otal-otal, shi ya sa saƙon kan zo da sunanka da ranar zuwanka daidai. Kada ka danna. Nemo lambar otal ɗin daga shafinsa ka kira ka tambaya.

Kafin ka bar gida, ɗauki hoton shaidar biya da adireshin a wayarka, da rubutun harshen ƙasar idan ba boko suke amfani da shi ba. Direban tasi a Tokyo ko Beijin zai fi gane wannan, kuma ba ka bukatar intanet kafin ka nuna masa.